Gwanin Gangare Shi Ne Wanda Ya Iya Tsayawa

Duk wanda ya taɓa kallon gasar Olamfik ta hunturu a talabijin ya ga yadda mutum kan sulalo daga ƙololuwar tsauni, ƙafafunsa a kan alluna biyu dogaye sirara, yana karkata dama da hagu, dusar ƙanƙara na tashi a bayansa. Manyan 'yan tsere sukan haura kilomita 130 a awa ɗaya. Mai kallo daga Kano ko Maraɗi sai ya girgiza kai ya ce wannan ai sayar da rai ne. Amma a kowane hunturu miliyoyin mutane ne ke hawa tsaunukan Alps da na Amurka da Japan, har da yara 'yan shekara huɗu da dattawa masu jikoki, su wuni suna zamiya, su sauko lafiya lau su ci abincin dare. Abin da ya sa hakan ta yiwu ilimi ne da aka daɗe ana tarawa, kuma kusan dukkansa a kan abu ɗaya yake: yadda mutum zai mallaki gudunsa, ya tsaya a inda ya ga dama.

Mutanen arewacin Turai da Asiya sun shafe dubban shekaru suna ɗaura katako a ƙafa don farauta da tafiya a lokacin da ƙanƙara ta rufe hanya. Wanda ake yawan ambata a matsayin uban zamiyar zamani shi ne Sondre Norheim, talaka daga ƙauyen Morgedal a yankin Telemark na ƙasar Norwe. Ya yi amfani da murɗaɗɗun saiwoyin itace ya ɗaure dunduniya, ta yadda allo ba zai kuɓuce ba idan aka juya shi da ƙarfi. A 1868 ya je gasa a babban birnin ƙasar, wanda a lokacin ake kira Kiristiyaniya, ya ba mutane mamaki da irin juyin da yake yi. Sai dai tuddan Norwe ba su kai na Alps tsayi da miƙewa ba. Da wasan ya isa Austiriya, sai aka buƙaci wata dabara. Hannes Schneider, wanda ya fara koyarwa a garin Sankt Anton a 1907 yana matashi, ya horar da sojojin tsauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a can ya ga amfanin koya wa mutane da yawa abu ɗaya mataki-mataki. Bayan yaƙi ya buɗe makaranta, ya jera darussa daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya raba ɗalibai aji-aji gwargwadon iyawarsu. Har gobe makarantun zamiya a kan wannan turba suke, kuma darasinsu na farko bai canza ba: rage gudu da tsayawa.

Tufa kafin komai

Sabon shiga yakan ɗauka maganin sanyi shi ne ƙatuwar riga guda mai kauri. Masu tsauni sun san abokin gabar gaskiya shi ne danshi. Zamiya aiki ce, musamman ga mai koyo da ke ta faɗuwa yana tashi; cikin rabin awa gumi ya karyo masa. Daga nan ya hau kujerar da ke kai mutane sama a kan igiyar ƙarfe, ya zauna minti goma cikin iska ba ya motsi. Idan rigar da ke jikin fatarsa ta auduga ce, ta riga ta sha gumin ta riƙe, kuma za ta yi masa abin da randa ke yi wa ruwa: danshin da ke bushewa a jikinta ya riƙa janye zafi, abin da ke ciki ya yi sanyi ƙarara.

Don haka ake sa tufa hawa uku. Ta jikin fata ta zama ta ulu ko ta zaren roba, mai fitar da gumi waje. Ta tsakiya mai laushi ce mai tare ɗumi. Ta waje kuwa ita ke tare iska da ruwa, amma tana barin tururin jiki ya fita. Amfanin wannan tsari shi ne ana iya ƙarawa ana iya ragewa: rana ta buɗe, ka cire ta tsakiya ka sa a jaka, hadari ya rufe, ka mayar. Kuma a tuna, duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Wanda ya auna yanayi a ƙofar masauki ya yi shiri da shi kaɗai, zai sha mamaki a saman tsauni.

Safar hannu ta zama wadda ruwa ba ya ratsawa, domin hannun mai koyo kullum cikin ƙanƙara yake. Mai saurin jin sanyi ya zaɓi irin wadda ke haɗa yatsu huɗu wuri ɗaya, tunda yatsun sukan ɗumama juna. Safar ƙafa kuwa guda ɗaya tak, doguwa har gwiwa, ba mai kauri sosai ba. Wanda ya ninka safa biyu ko uku yana neman ɗumi, matse jijiyoyin jini zai yi, ƙafar ta fi yin sanyi, ga kuma kanta da ƙuraje a inda safar ta tattare.

Takalmi da maɗauri

A shagon haya, takalmi ne ya fi cancantar a ɓata masa lokaci. Na roba ne mai tauri, yana kaiwa tsakiyar ƙwauri, kuma ta cikinsa ne duk wani motsin ƙafa ke isa ga allo. Ka zura ƙafa, ka buga dunduniya a ƙasa sau biyu don ta zauna daram a mazauninta, sannan ka fara ɗaure maɓallan. Idan ka miƙe tsaye, yatsunka su ɗan taɓa gaban takalmin. Idan ka lanƙwasa gwiwa ka jingina ƙwauri a harshen takalmin, yatsun su ja baya kaɗan, dunduniya kuma ta zauna ba ta ɗagawa. In ƙafa na yawo a ciki, takalmin ya yi yawa, kuma allo ba zai ji maganarka ba. In wani wuri na cizo tun a shago, kada ka ce zai saki. Koma a canza maka. Kada a cusa ƙafar wando a ciki, safa kaɗai ke shiga.

Allon mai koyo gajere ne, idan aka tsayar da shi bai wuce tsakanin haɓa da hanci ba, saboda ya fi sauƙin juyawa. Abin da ke riƙe takalmi a kan allon, wato maɗauri, shi ne ƙirƙirar da ta fi ceton ƙafafu a tarihin wasan. A da, ƙafa a ɗaure take tamau. Allo ya murɗe, ƙashi ya bi shi. Hjalmar Hvam, ɗan asalin Norwe mazaunin jihar Oregon a Amurka, ya karya ƙafa a 1937, kuma yana jinya ya tsara maɗaurin da ke sakin takalmi idan murɗawar ta yi yawa. Na yau yana da ma'auni mai lamba, wanda ma'aikacin shago ke saitawa bisa nauyinka da tsayinka da shekarunka da tsawon takalminka da iyawarka. Nan ba wurin cika baki ba ne. Wanda ya rage nauyinsa don kunya, maɗaurin zai riƙa sakinsa ba gaira ba dalili. Wanda ya ce shi gwani ne alhali yau ya fara, za a ɗaure masa da ƙarfi, ranar da ya faɗi allon ya ƙi fita, gwiwa ta biya bashin.

Garma

Darasin farko a fili ake yinsa, da allo a ƙafa ɗaya, ana tafiya ana zagayawa har jiki ya saba da tsawon abin. Daga nan a koma ɗan gangare mai sauƙi wanda ƙarshensa shimfiɗaɗɗe ne, ta yadda ko mutum bai yi komai ba zai tsaya da kansa. A nan malami ke koyar da tsayuwar da ake kira garma. Kawunan alluna su kusanci juna, tazarar kamar dunƙulen hannu, ba tare da sun hau juna ba. Ƙarshensu na baya kuma a buɗe shi ta hanyar tura dunduniya waje. Haka zai sa kaifin ƙarfen da ke gefen ciki na kowane allo ya riƙa kankare ƙanƙara. Ka ƙara buɗewa, gudu ya ragu. Ka buɗe sosai, ka tsaya cak.

Juyi daga nan yake fitowa, kuma abin sha'awa ne ganin ranar da ɗalibi ya fara gane shi. Yana cikin garma, malami ya ce ya ɗan ƙara nauyi a ƙafar dama. Yana dannawa sai ya ga ya karkata hagu, ba tare da ya murɗa kafaɗa ko ƙugu ba. Ya mayar da nauyi ƙafar hagu, ya karkata dama. Allon an ƙera shi da siririn ciki da faffaɗan kai, don haka idan aka danne shi a kan kaifinsa yakan lanƙwashe ya yanka baka da kansa. Idan ɗalibin ya ci gaba da juyin har allunansa suka gitta gangaren, gudu ya mutu. Wannan shi ne sirrin da manya ke amfani da shi a tsauni mafi miƙewa: ba a fuskantar ƙasa kai tsaye, ana saukowa ne a karkace, kowane juyi yana cinye gudun da aka tara.

Abu mafi wuya shi ne saɓa wa abin da zuciya ke so. Idan gangare ya buɗe a gaban mutum, tsoro kan ja shi baya, ya zauna a kan dunduniya. Da zarar ya yi haka, kawunan alluna sun yi sakayau, ba sa kama ƙanƙara, sai su gudu da shi. Malamai shi ya sa ba sa gajiya da maimaita abu uku: ƙwauri a jingine da harshen takalmi, hannaye a gaba inda ido ke ganinsu, ido kuma a kan inda za a je. Mai kallon allunansa ƙasa zai tafi, mai kallon bishiya bishiyar zai samu.

Wannan ne ma dalilin da ya sa kuɗin malami ba asara ba ne. Aboki gwani ya manta yadda tsoron rana ta farko yake. Zai ɗauke ka zuwa sama ya ce ka biyo shi kawai, abin ba wuya. Malamin da aka horar yakan sauko da baya-baya a gaban ɗalibi, yana kallon gwiwarsa da ƙugunsa, ya gano kuskure tun bai zama ɗabi'a ba.

Faɗuwa ma ilimi ce

Ba wanda ya koyi zamiya bai faɗi ba, don haka ake koyar da faɗuwar kanta. Idan ka ga ba makawa, ka saki jiki ka faɗa gefe, a kan cinya da ƙugu, ta ɓangaren sama na gangaren. Kada ka tokare da tafin hannu. Sandar da mai zamiya ke riƙewa a hannu kan banƙare babban yatsa ta ji wa jijiyarsa, rauni ne sananne a wannan wasa. Kada kuma ka yi ƙoƙarin miƙewa alhali kana cikin sulalewa. Gwiwa ita ce gaɓar da masu zamiya suka fi ji wa ciwo, kuma sau da yawa a irin wannan yunƙuri ne jijiyarta ke tsinkewa, lokacin da mutum ya zauna baya allo ya kama ƙanƙara ya murɗe. Bari sai ka tsaya. Sannan ka jawo allunan su koma ƙasa da kai, a jere, sun gitta gangaren, ka dafa ka tashi. In abin ya gagara, cire allo ɗaya ba abin kunya ba ne.

Kai da ido

Hular kwano a yau ta zama ruwan dare a tsaunukan Turai da Amurka, kuma Italiya ta wajabta ta ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2022, tare da wajabta inshorar ɓarnar da mai zamiya zai iya yi wa wani. Kada mai koyo ya ce shi ai a hankali yake tafiya. A watan Maris na 2009, 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi a gangaren masu koyo a Mont Tremblant ta Kanada, tana tsakiyar darasi, ba hula a kanta. Ta tashi tana magana, ta ce lafiyarta ƙalau, ba ta yarda a duba ta da farko ba. Ashe jini na taruwa a cikin ƙoƙon kanta. Bayan kwana biyu ta rasu. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah: duk wanda kansa ya bugu, likita ya gan shi, musamman idan ciwon kai ko amai ko ruɗewa ko yawan barci suka biyo baya. Hular ma tana da iyaka. Michael Schumacher, zakaran tseren mota, da hularsa a kai lokacin da ya bugi dutse a Méribel ta Faransa a Disambar 2013, a wani wuri da ke wajen hanyar da aka gyara, kuma ya sami mummunan rauni.

Rana ma abin tsoro ce a can, ko da ana rawar ɗari. Sabuwar dusar ƙanƙara kan mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, kuma ƙarfin hasken yana ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000. Wanda ya wuni ba tabarau zai iya kwana yana hawaye, idonsa na raɗaɗi kamar an zuba yashi, saboda fatar ƙwayar idon ta ƙone. Baƙar fata na rage ƙunar rana a jiki, amma ba ta kare ido ba, leɓe ma yakan tsage. A sa tabarau mai tare wannan haske, a shafa man kariya a fuska da ƙarƙashin haɓa da hanci, tunda hasken daga ƙasa ma yake tasowa.

Hanya da dokokinta

Wuraren zamiya suna yi wa hanyoyinsu alama da launi. A Faransa kore ne mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na ƙwararru. A Austiriya da Suwizalan galibi daga shuɗi ake farawa. A Amurka da Kanada kuwa da'ira kore, murabba'i shuɗi, da baƙin lu'ulu'u. Kowane wuri da kansa yake auna hanyoyinsa, don haka shuɗin wani tsauni kan iya fin na wani zafi. A karɓi taswira, a tambaya, kuma a san ta inda za a sauko kafin a hau kowace kujera.

Hukumar wasan ta duniya, FIS, wadda aka kafa a 1924, tana da dokoki goma na zaman lafiya a gangare, kuma kotunan Turai sukan duba su idan aka yi karo. Mafi muhimmanci: wanda ke gabanka, wato ƙasa da kai, shi ke da hanya, domin ba shi da ido a ƙeya, kai ne za ka kauce masa, ka bar masa fili. Kafin ka shiga hanya ko ka tashi bayan tsayuwa, ka dubi sama. Kada ka tsaya a tsakiya, ko a matsattsen wuri, ko bayan tudu inda mai saukowa ba zai hango ka ba, koma gefe. Idan aka yi haɗari, taimako wajibi ne: a kafa alluna biyu a gicciye sama da wanda ya ji rauni don masu zuwa su gani, a rufe shi da riga, kada a motsa shi in ana zargin wuya ko baya, a kira masu ceto. A Turai lambar gaggawa 112 ce. Igiya ko allon da ya ce an rufe hanya kuwa ba ado ba ne. A wajen hanyoyin da aka gyara ne zaftarewar ƙanƙara ke binne mutane, kuma mai koyo ba shi da abin nema a can.

Jiki da tsauni

Iskar tsauni busasshiya ce, kowane numfashi yana tafiya da ruwan jiki, sanyi kuma yana danne ƙishi. A riƙa shan ruwa ko ba a ji ƙishirwa ba, a sa dabino ko gyaɗa a aljihu. Daga wajen mita 2,500 wasu kan fara jin ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci saboda ƙarancin iska. Maganinsa hutu, in ya ƙi sauƙi a sauka ƙasa. Idan yatsa ko kunne ko hanci ya mutu ba ka jin sa, launinsa ya koma fari ko toka-toka, sanyi ya fara cin naman. A shiga ɗaki, a ɗumama shi a hammata ko a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ba a murza shi, ba a kara shi a wuta, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba.

Wanda bai tashi cikin ƙanƙara ba kada ya ɗauka ƙofa a rufe take. Kwame Nkrumah-Acheampong na Gana da girmansa ya fara koyo, a wani rufaffen filin zamiya a Milton Keynes ta Ingila inda yake aiki, kuma ya kai ga wakiltar ƙasarsa a Olamfik ta Bankuba a 2010. Samuel Ikpefan ya ɗaga tutar Najeriya a tseren zamiya na doguwar tafiya a Beijin a 2022. A nahiyarmu akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas kudu da Marakesh, da Afriski a Lesoto, inda hunturu ke faɗowa daga Yuni zuwa Agusta. Ɗalibai da 'yan kasuwa masu zuwa Turkiyya suna kusa da Uludağ a Bursa da Erciyes a Kayseri, masu zuwa Dubai kuma akwai rufaffen gangaren da aka buɗe a 2005 cikin wani katafaren kanti, inda za a iya ɗaukar darasin farko da kayan haya.

Ko a ina aka fara, akwai shawarar da tsofaffin malamai suka fi nanatawa, ita ce ta sanin lokacin tashi. Bayan azahar cinyoyi sun fara rawa, ƙanƙarar da aka shimfiɗe da safe ta zama tudu da kwari saboda yawan masu bi, inuwa ta rufe gangare har ba a bambanta rami da tudu, kuma a watan Disamba rana kan faɗi a Alps tun kafin ƙarfe biyar. A daidai lokacin ne zuciya ke cewa a ƙara ɗaya. Mai hankali yakan ajiye alluna tun da sauran ƙarfi a ƙafarsa, in hanyar komawa gari ta fi ƙarfinsa ya shiga motar igiya ya sauko a zaune, ya cire zanen cikin takalmi ya shanya don ya bushe kafin safiya. Sannu ba ta hana zuwa: da darasi da haƙuri, mafi yawan masu koyo sukan iya saukowa daga hanya mai sauƙi su kaɗai cikin 'yan kwanaki, suna juyawa inda suka so, suna tsayawa inda suka nufa.